Tambaya da Amsa: Ina ake koyon gyaran tsofaffin gine-gine?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama sakandare, ina sha'awar aikin gyaran gine-ginen tarihi irin su Gidan Makama da ganuwar Kano. A ina ake karanta wannan sana'a? Sannan mahaifina yana so a shafe tsohon zaurenmu na ƙasa da siminti, ko hakan daidai ne?
Daga wani ɗalibi a Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Hanyar da ta fi kusa da kai ita ce foliteknik, fannin fasahar gini ko zanen gini: shekara 2 ta ƙaramar difloma, shekara 1 ta sanin makamar aiki, sai shekara 2 ta babbar difloma. Abin da za ka kwaso can shi ne awo, zana taswirar gini, gwajin ƙasa da lissafin nauyi. Ƙwarewa a kan gyaran ginin tarihi kansa ta fi yawa a karatun gaba da digiri, kamar a Jami'ar York ta Ingila, ko cibiyar CRAterre da ke Grenoble a Faransa, wadda tun 1979 ginin ƙasa ne aikinta. Kafin nan ka leƙa gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka kwaikwayi Masallacin Juma'a na Zariya, aikin shahararren maginin nan Babban Gwani.

Amma takarda ba za ta koya maka ɗaurin guga ba, wato rufin soro mai tulluwa da ake ɗorawa a kan bakunan da suka gitta juna. Lokacin hutu ka bi tsohon magini, ka taka ƙasa, ka mulmula tubali, ka ga yadda ake jera azara. Dogon azara ba ya wuce kimanin mita 1.8 ba tare da tallafi ba, shi ya sa ake yin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙi mai ɗaukar rufi, a faffaɗan soro. Maginan da suka iya wannan kuwa raguwa suke yi.

Batun siminti, a ba Baba haƙuri, kada a yi. Bangon ƙasa yana tsotsar laima daga gindinsa, ya fitar da ita ta jikinsa. In an rufe shi da siminti, laimar ba ta da mafita, sai ta zauna ciki ta ruɓar da tubali, gara kuma ta samu wurin zama ba wanda ya gani. Ga shi siminti ba ya kama ƙasa da kyau. Ƙwanƙwasa irin wannan bango za ka ji yana ƙara kamar ganga, wata damina sai shafen ya ɓallo falle guda, ya tafi da naman bangon.

Gyara daga sama ake fara shi. A duba indararo ko ya toshe ko ya yi gajere har ruwa yana bin bango, a toshe tsagar rufi, a soka wuƙa a kan azara inda ta shiga bango, don nan take fara ruɓewa. Sai gindin bango: a kankare ƙasar da ta zaizaye, a cike da tubali, a yi wa ƙasan wurin gangare ruwa ya riƙa gudu waje. Tsaga babba kuma kada a yi gaggawar cike ta. A manna ɗan yaɓe a gicciye, a rubuta kwanan wata. In ya tsage bayan 'yan makonni, bangon yana motsi ne, mai yiwuwa matsalar tana harsashi.

Ƙasar yaɓe a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta tsima. A gwada a ɗan wuri tukuna: in ta bushe ta tsattsage, yumɓu ya yi yawa, a ƙara yashi da ciyawa, in tana zuba da an goga hannu, yashin ne ya yi yawa. A yayyafa wa bango ruwa, a yaɓa siriri, kada ya wuce santimita 2, ya bushe kafin a ƙara wani. A ƙarshe a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma da laso, wato katsin marina da dafara da gashin dabba. A yi aikin bayan ɗaukewar ruwa, sannan kowace shekara a sake dubawa kafin damina ta faɗi.