Littafin kamfani ko zanen farashi: amsa ga yarona

Yarona, jiya bayan an tashi daga kasuwar hannun jari ka tambaye ni wanne ya kamata dillali ya dogara da shi idan zai ba mai kuɗi shawara: zanen hawa da saukar farashi da ake kallo a kwamfuta, ko kuwa rahoton shekara na kamfani. Na ga ya fi dacewa in rubuta maka, domin ba maganar da za a yi a tsaitsaye ba ce.

Wanda ya sayi hannun jari ya shiga tarayya ne a kasuwancin wasu, kamar mai zuba kuɗi a shagon ɗan'uwansa a Kantin Kwari. Ba zai yi haka ba sai ya ga littafin shagon, ya san ciniki, ya san abin da ake bin mai shagon da abin da yake bin mutane. Haka za ka yi wa kamfani. Ka ɗauki rahotonsa na shekara biyar a jere, ka duba ko ciniki na ƙaruwa, kuma ko riba na biye da shi. Daga nan ka raba ribar da yawan hannayen jarin, ka ga abin da kowane hannu ya samo, sannan ka auna farashin kasuwa da wannan adadi. A ce wani hannun naira 400 ne yana samo naira 50 a shekara, wani kuma naira 2 ne yana samo kwabo 5. Na farko zai mayar da kuɗinsa cikin shekara 8, na biyu kuwa sai 40, amma za ka ga jama'a na rububin na naira 2 suna cewa sun sami araha.

Inda nake so ka fi daɗewa shi ne shafin bashi, musamman bashin da za a biya da dala. Lokacin da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, kamfanoni irin su MTN Nigeria da Nestle Nigeria sun rufe shekarar da asara, alhali cinikinsu bai ragu ba; nauyin dalar da ke kansu ne ya ninka idan aka lissafa da naira. Wannan nauyi yana nan a rubuce cikin bayanan ƙarshen rahoto tun kafin lokacin, a shafukan da yawancinmu ke tsallakewa. Idan kuma mai kuɗin yana gudun riba ta ruwa, wannan shafin ne zai nuna maka ko kamfanin ya dace da shi, sai ka haɗa da jerin kamfanonin da ke cikin ma'aunin Musulunci na Lotus, wato waɗanda aka tantance sun dace da Shari'a, a kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX.

Zanen farashi yana da amfaninsa, ban hana ka koyonsa ba. Yana taimakawa wajen zaɓen lokacin saye, bayan littafi ya riga ya nuna maka abin da za ka saya. Sai dai ka riƙa duba yawan hannayen da aka yi ciniki a kansu, domin a kasuwarmu akwai kamfanonin da mutane ƙalilan ke iya ɗaga farashinsu.

A farkon 2008 zanen kowa sama yake kallo, bankuna kuma suna ba da rance a sayi hannun jari. Wani dattijo ya zauna a kujerar da kake zama yanzu, riƙe da kuɗin filin da ya sayar, ni kuma na saya masa hannayen wani banki ba tare da na buɗe rahotonsa ba. Daga watan Maris kasuwa ta fara zubewa, kafin shekara ta zagayo ta rasa fiye da rabin darajarta. Har yau ina tuna yadda ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa da na karanta masa abin da ya rage.

Ranar Litinin ka zo da rahoton Dangote Cement da na BUA Cement na shekara biyar, ka fitar mini da ribar kowane hannu da bashin dalar kowannensu, mu zauna a kai kafin a buɗe kasuwa.