Likita ya ce zai raba ni da tiramol ta hanyar wata ƙwayar, Malam ya halatta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dan Allah a sakaya sunana. Ni ɗan adaidaita ne, shekara huɗu kenan ina shan tiramol, da farko guda ɗaya nake sha da safe saboda ciwon baya, wani abokin sana'a ne ya fara bani, yanzu kuwa in ban haɗiyi 'yar 225 guda uku ko huɗu ba ko daga kan katifa bana iya tashi. Sau biyu ina dainawa da kaina, na ƙarshe a azumin bara kwana huɗu na yi, zawo da amai da ciwon ƙashi da hamma kamar raina zai fita, dole na koma. Yanzu yayata ta kaini asibiti, likita yace ba sai an kwantar dani ba, daga gida zan dinga zuwa, zasu ɗora ni a kan wani magani bufirenofin wanda shima dangin tiramol ɗin ne, a dinga ragewa a hankali, in jikina ya wanke kuma akwai wani da zai taimaka kar in koma. To kawuna yace wannan canjin ƙwaya ne kawai kuma Annabi ya hana magani da haram, gara a kaini gidan mari a ɗaure ni wata uku. Malam ya halatta in karɓa? Sannan sallar da nake yi a wannan hali tana nan?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhamdu lillah, wassalatu wassalamu ala Rasulillah.

Ɗana, Allah ya saka wa yayarka da alheri, kai kuma Allah ya cika maka wannan niyya. Ya halatta ka karɓi wannan magani a hannun likita bisa sharuɗɗan da zan faɗa maka, barin tiramol ɗin ma wajibi ne a kanka, kuma malaman usulu suna cewa abin da wajibi baya cika sai da shi to shima wajibi ne. Amma tunda kawu da hadisi ya kafa hujja ba zamu ture maganarsa haka kawai ba, sai mun zauna mun warware ta.

Shan da kake yi yanzu haramun ne, wannan kam babu kwana-kwana. Annabi (SAW) yace duk mai sa maye giya ne kuma duk giya haramun ce, Muslim ya ruwaito, kuma Abu Dawud ya ruwaito daga Ummu Salama cewa ya hana duk mai bugarwa da duk mai kashe jiki. Ga kuma cutarwa a fili, tiramol ɗin da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, likitoci kuma basa wuce 400 a yini ko ga mai ciwo mai tsanani, kai kana zuba 900 a cikinka kafin ka ɗauki fasinja. Irin wannan adadin shi ke kada mutum yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Kuma kar ka ɗauka kai kaɗai ne, binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 4.6 ne ke shan wannan dangin ƙwayoyi ba da izinin likita ba, a shekarar ne ma gwamnati ta hana sirof mai kodin.

Hadisin da kawu yake nufi sahihi ne. Ɗariƙ bin Suwaid ya tambayi Annabi (SAW) game da giya yace don magani yake yin ta, sai yace masa ita ba magani bace, cuta ce. Ibn Mas'ud ma yace Allah bai sanya warakarku a cikin abin da ya haramta muku ba. To amma a kan me hadisin yake magana? A kan giya, ruwan da ake sha don a bugu. Malamanmu na Malikiyya tun da daɗewa sun bambance, Imam Ƙarafi wanda ya rasu a 684 bayan hijira ya kasa masu taɓa hankali gida uku a cikin Alfuruƙ, akwai muskir mai bugarwa tare da nishaɗi, akwai mufsid mai rikita hankali, akwai murƙid mai gusar da hankali da ji gaba ɗaya kamar abin da ake ba wanda za a yi wa tiyata. Na farkon ne kaɗai najasa, shi ne ake wa haddi, shi ne ko ɗigonsa haramun. Sauran biyun abin da aka hana shi ne adadin da zai taɓa hankali ko ya cutar, shi yasa ba ka taɓa jin malami ya hana allurar barci a ɗakin tiyata ba, ko mofin ga mai ciwon daji, alhali su ɗin ma a hannun ɗan shaye-shaye haramun ne.

Kai mas'alarka ma an riga an tambaye ta ƙarnuka da suka wuce, sunan ƙwayar ne kawai ya canja. A zamaninsu afyun ake ci, wato ƙaron da ake tatsa daga wani fure, wanda daga shi ake samo mofin da kodin, tiramol kuma haɗin masana'anta ne da yake aiki a gurbi ɗaya da su a ƙwaƙwalwa. Alhaɗɗab a Mawahibul Jalil, sharhin Mukhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukanmu, ya kawo cewa wanda aka jarabta da cin afyun har yana tsoron mutuwa in ya bari, ya halatta ya ci gwargwadon da ba zai taɓa hankalinsa ba, ya kuma dage wajen ragewa har ya yanke. Ibn Hajar Alhaitami na Shafi'iyya da aka tambaye shi irin wannan cewa yayi wajibi ne mutum ya dinga ragewa kaɗan kaɗan har jiki ya saki, in yaƙi ragewar to mai saɓo ne. Kaga abin da likitanka yake shirin yi kenan, sai dai shi da ma'auni zai yi.

Akwai gyara ɗaya da amana ta sa sai na faɗa, domin wani ɗalibi zai iya tasowa da ita. Waɗannan malamai sun ɗaura maganar ne a kan tsoron halaka, likitoci kuma suna cewa wahalar dainawa, duk da azabarta, ba kasafai take kashe babban mutum mai lafiya ba, takan tsananta a kwana na biyu da na uku sannan ta fara sauƙi wajen mako guda. To ina larurar? Ni a fahimtata tana nan a wuri biyu. Zawo da amai na iya ƙarar da ruwan jiki, tiramol kuma yanke shi farat ɗaya daga irin adadinka na iya jawo ruɗewa da firgita har da faɗuwa. Babbar larurar kuma ita ce wadda kai da kanka ka gwada sau biyu, ka daina ka kasa ka koma. Wanda ya ƙi magani a irin halinka ba tsakanin halal da haram yake zaɓi ba, tsakanin adadin da likita ya auna yake raguwa da guda huɗun da yake saya a bakin tasha yake zaɓi, kuma ƙa'ida ce sananniya a ɗauki ƙaramar cuta don ture babba. Allah yana cewa a Baƙara aya ta 173 wanda larura ta kama ba yana mai nema ba kuma ba mai ƙetare iyaka ba to babu laifi a kansa.

Maganar canjin ƙwaya kuwa, a gaya wa kawu cikin ladabi cewa da bambanci. Bufirenofin yana zama a gurbin da tiramol ke zama amma baya buɗe shi duka, ƙarfinsa yana da iyaka kuma yana daɗewa a jiki, sai mutum ya wuni ba ƙishirwar ƙwaya ba ciwon ƙashi kuma ba a buge ba, ya yi sallarsa ya nemi abincinsa. Shi da metadon, wani magani da ake bayarwa don irin wannan aiki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka su cikin jerin magunguna masu muhimmanci tun 2005, ƙasashen musulmi irin su Iran da Malesiya sun daɗe suna aiki da metadon, a Kuala Lumpur har a harabar wani masallaci aka taɓa buɗe wurin bada shi.

Sharuɗɗan su ne, likitan ya zama masanin wannan fanni ne amintacce, ba mai kemis ba, ba abokin da yace shima da shi ya daina ba. Ka sha yadda aka rubuta, ƙari ko rabin ƙwaya don jin daɗi ya fitar da kai daga rangwamen ya mayar da kai haram. Ka faɗa masa gaskiyar duk abin da kake sha, in akwai roci ko diyazefam ko sirof kar ka ɓoye don kunya, haɗa su da wannan magani yana iya tsayar da numfashi. Ka tambaye shi lokacin da zaka fara, domin in aka sha shi alhali tiramol na jiki da ƙarfinsa wahalar ce zata rufto maka lokaci ɗaya. Kar ka ba kowa, kar ka sayar, ka kulle shi inda yara basa kaiwa. Sannan ga haƙƙin mutane, kwanakin farko in kana jin gyangyaɗi haramun ne ka ɗauki fasinja, ajiye mashin ɗin har likita yace ka hau. Tsawon lokacin kuma ba ni zan yanke ba, ba kawu ba, wani makonni ne wani watanni wani ma ya fi haka, larura ana auna ta da gwargwadonta kuma mai awon a nan likita ne, muddin niyyarka rabuwa ce babu zunubi a daɗewar.

Gidan mari ban yarda a kaika ba. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a 2019 a Kaduna da Daura, ɗaruruwan mutane cikin sarƙa da tabon duka. Shari'a bata ba wani mutum ikon ɗaure baligi yana jibgarsa da sunan gyara ba. Kuma ko an kyautata masa akwai haɗarin da iyaye basu sani ba, wanda kai ma ya shafe ka, dan Allah ka karanta nan sau biyu. In mutum yayi makonni bai sha ba jikinsa yana komawa kamar na wanda bai taɓa sha ba, adadin da yake ɗauka da can yanzu zai iya kashe shi. Na taɓa sallatar wani matashi da iyayensa suke ta murna ya shiryu ya yi wata biyu har ya yi ƙiba, rana ɗaya ya haɗu da tsofaffin abokai ya sha abin da ya saba sha, da asuba aka same shi a ɗaki jiki ya yi sanyi, mahaifiyarsa tana ta maimaita cewa ai ya daina. Don haka ka tambayi likita game da nalokzon, maganin da ake farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi, yayarka ma ta san alamun, numfashi sama-sama da minshari da leɓe ya yi duhu kuma ana tashinsa baya tashi.

Maganin da yace zai baka daga baya, in naltirekzon ne to shi ko tantama babu, baya sa maye ko kaɗan, toshe gurbin yake yi, amma sai jiki ya yi kamar kwana 7 zuwa 10 babu ƙwaya ake fara shi, kuma kar shaiɗan ya raya maka ka gwada ƙarfinsa da shan da yawa, mutuwa ake yi a haka.

Wanke jiki shi ne mai sauƙin, zama a kai shi ne aikin. Mutumin nan da ya kashe rai 100 da ya nemi tuba, malamin da ya tambaya bai tsaya ga ce masa ƙofa a buɗe take ba, cewa yayi ka bar garinku domin mugun wuri ne. Kai garin naka shi ne majalisar da ake miƙo maka, da lambar mai kawo maka da ke cikin wayarka, da layin da kake bi kullum ka wuce ta gaban shagonsa. Goge lambar yau, canja tasha in da hali. Ciwon bayan da ya fara jefa ka a duba shi sosai, kuma aikin awa goma sha biyar a kan mashin don cika balas ba jikin ɗan Adam bane zai ɗauka, a rage ko da kuɗin zai ragu. Zaman da ake yi da mai bada shawara a asibiti kar ka raina shi kace surutu ne, ka riƙe ranakunka ko ka ji ka warke. Addu'a da zikiri da sallar jam'i ka ƙanƙame su tare da maganin, wanda yace mu yi addu'a shi ne yace ku nemi magani ya ku bayin Allah.

In kuma ƙaddara ta sa ka zame, kar kunya ta hana ka komawa asibiti washegari. A Bukhari akwai sahabin da ake yawan kawowa saboda giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) yace kar ku tsine masa, wallahi abin da na sani yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar yace kar ku zama mataimakan shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Wannan 'yan gidanku nake wa, gori da kiransa ɗan ƙwaya a gaban ƙannensa ba ya gyara kowa, kuma ba sai unguwa ta san yana zuwa asibiti ba.

Sallarka kuwa kar ka kuskura ka bari. Allah yace a Nisa'i aya ta 43 kar ku kusanci salla kuna cikin maye har sai kun san abin da kuke faɗa, to muddin kana sanin abin da kake karantawa da adadin raka'o'inka sallarka ta inganta, ƙwayar kuma ba najasa bace ko tana aljihunka. In hankalinka ya gushe alwala ta warware, ka jira ka dawo daidai ka sake ka rama. Azumi in ya zo kana kan magani ka roƙi likita ya mayar maka da shi bayan buɗa baki ko lokacin sahur, in yace hakan zai cutar da kai to hukuncin mara lafiya gareka, ka sha ka rama daga baya. Ranar komawa asibiti ka roƙi kawu ya raka ka ya ji daga bakin likitan da kunnensa.

Wallahu a'alam.