Wuƙar Sheffield da Ka Gada: Kada Ka Wasa Ta, Kada Ka Yi Saurin Sallamawa

Tambaya: Ni ɗan kasuwar atamfa ne a Kantin Kwari. A cikin kayan marigayi mahaifinmu mun sami wata 'yar wuƙa mai naɗewa, an rubuta "Joseph Rodgers & Sons, Sheffield" a gindin ruwanta, da alamar tauraro da gicciye. Wani dillalin kayan dā ya taya, ni kuma ina son ƙara jari. In goge tsatsar in sayar masa?

Amsa: Alhaji, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa ya huta.

Don Allah ajiye samfefa, kuma kada ka kai ta wajen mai wasa wuƙa. Masu tara irin waɗannan wuƙaƙe suna biya ne don su same ta yadda ta fito daga masana'anta. Baƙin da shekaru suka shimfiɗa a ƙarfen ba aibi ba ne a wajensu, amma ruwan da dutse ya cinye, ko tambarin da gugar ta shafe, ba ya dawowa. Ɗigon man keken ɗinki da ƙyalle mai taushi sun wadatar.

Sunan da ke jikinta babba ne. Sheffield ita ce garin maƙeran wuƙa na Ingila, kuma alamar tauraro da gicciyen nan tun 1682 aka yi mata rajista, gidan Rodgers ya ɗauke ta daga baya. Sai dai an yi ta buga jabunta saboda farin jininta, kuma har yau ana ƙera sababbi da wannan suna. Saboda haka suna kaɗai bai isa ba, sai ka karanta sauran rubutun. In ka ga kambun sarauta tsakanin haruffan V da R, zamanin Sarauniya Victoria ke nan, 1837 zuwa 1901. In akwai "England" bayan Sheffield, galibi bayan 1890 aka yi ta, domin a shekarar Amurka ta kafa dokar sai an rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigar mata. In kuwa ka ga "stainless", ba ta kai wannan tsufa ba, don sai a 1913 Harry Brearley ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa, a Sheffield ɗin ma.

Ƙotar ce ta fi damuna. Duba ta a rana da kyau. Ƙashi yana da 'yan ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Hauren giwa sumul yake, da layuka masu gittawa da juna in ka kalli bakinsa. Akwai kuma roba ta dā da aka yi don ta kwaikwayi haure, layukanta a miƙe suke reras. In haure ne, cire batun fitar da ita waje daga ranka: yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, Ingila kuma ta ƙara tsananta tata dokar a 2022.

Batun kuɗi kuwa, ka fi ni sanin cewa abin da mai kaya ya yanka daban, abin da aka biya daban. A intanet nemi waɗanda aka riga aka sayar a gwanjo, masu tambari da ƙota irin taka, ba waɗanda ke jiran mai saye ba. Zan faɗa maka gaskiya, Rodgers sun ƙera wuƙaƙe da yawan gaske, kuma wadda ta sha aiki a aljihu ba kasafai take kawo kuɗin da zai motsa jarin atamfa ba. Masu tsada su ne tsofaffin da ruwansu ke cike, ƙota ba tsagu, kuma in ka rufe sai ka ji ƙas. Ce wa dillalin albarka tukuna. Ɗauki hoton tambarin kusa-kusa, da wuƙar a buɗe da a rufe kusa da ruler, ka nuna wa wasu masu saye su ma su taya.

Ka ce "mun sami", wato ba kai kaɗai ba ne magaji. In ba a raba gado ba, wuƙar ta kowa ce, har da mata da ƙanana. A yi mata ƙima a gaban magada, sannan ko dai a sayar a raba, ko kai ka biya su rabonsu ta zama taka.