Kififiyar Gida da Kunkuru: Kada a Sake su a Kogi ko Daji

Tambaya: Wani manomin rani daga Dakace, Zariya, ya ce an kawo wa yaransa kififiya mai jan zane a bayan ido, yanzu ta fi ƙarfin robar da take ciki. Ko ya jefa ta Kogin Galma?

Amsa: A'a, Malam, kada ka kuskura. Wannan jan zanen alamar 'yar Amurka ce, daga yankin Kogin Misisifi, kuma tana cikin jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna a duniya. Tun 1997 Tarayyar Turai ta hana shigo da ita. Macen takan kai santimita 30, ta yi shekara 20 zuwa 30, tana ƙwai sau da yawa a shekara. Ba ta zaɓen abinci: 'ya'yan kifi, talibambam, ganyen ruwa, duk ci take. Tana kuma ƙwace wa kififiyarmu 'yar ƙasa wurin shan hantsi. Da ambaliyar Agusta sai ta bi ruwa ta faɗa tafkin mai kiwon tarwaɗa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Akwai kuma cuta. Kififiya na ɗauke da ƙwayar salmonela, mai sa mutum gudawa da zazzaɓi, a kashinta ko da lafiyarta lau, shi ya sa Amurka ta hana sayar da ƙanananta a 1975. Kada ka zuba ruwanta a kan latas ko kabeji, yara kuma su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa ta.

Ka yi mata kwarmin siminti, zurfin ruwan ya ninka tsawon ƙoƙonta biyu, da dutsen da za ta hau ta bushe. Idan ba ta samun rana ƙoƙon laushi yake yi. In ta gagare ka, ba wa mai iya riƙo, ko ka nemi shawara a asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello.

Tambaya: Kunkuru fa, tunda ɗan ƙasa ne? Nawa yana cinye mini shuka.

Amsa: Shi ma dai, kada ka sake shi a daji. Wanda ya saba da tsakar gida bai san mafaka ba, gobarar daji ko mafarauta ne za su gama da shi, kuma yakan kai wa na daji ciwon numfashi. Kewaye shi da katanga mai tsayin santimita 60, tushenta ya nutse santimita 30 don gwanin tono ne. Ba shi ciyawa, ban da tuwo.