Tambaya da Amsa: Na sa Barlow 5x, Jupita ya girma amma hoto ya dushe

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ina zaune ne a Aboabo nan Kumasi, ƙanena ya aiko min da teleskop daga Jamus, faɗin madubinsa milimita 130, tsawon fokas 650, harda ƴar kyamara mai fiksel (ɗigon da ke haɗa hoto) maikiron 2.9, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wata kam yana fita tangaran amma Jupita ɗan ɗigo yake zama. Na sa gilashin ƙara girma na Barlow 2x ya ɗan ƙaru, sai abokina ya ara min 5x, wallahi ya girma sosai amma duhu, dishi-dishi, ko ratsin jikinsa bana gani. Dan Allah gilashin jabu ne ko ni ne ban iya ba? In sayi nawa ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, tambayarka ta min daɗi sosai. Ina kyautata zaton gilashin abokinka lafiyarsa ƙalau, yafi ƙarfin teleskop ɗinka ne kawai.

Jupita a sama ƙanƙani ne fiye da yanda mutane ke zato. In ka raba digiri ɗaya gida 3600, kowane gida shine sakan na kusurwa, toh wata faɗinsa kusan sakan 1800 ne, Jupita kuwa tsakanin 30 zuwa 50 yake kaiwa da komowa. Mu ɗauki 45. A fokas 650 hotonsa a kan idon kyamararka bai wuce milimita 0.14 ba, wato fiksel 49 ko kusa da haka, shine ɗigon da kake gani. Shi gilashin Barlow, wanda ya samo sunansa daga Peter Barlow masanin lissafi ɗan Ingila, aikinsa ya ninka tsawon fokas, da 2x ka koma 1300 Jupita ya zama fiksel 98, da 5x ka kai 3250 ya zama kusan 245.

Matsalar itace hasken da madubinka ya tara bai ƙaru ba ko kaɗan, shi ɗin dai ka baza a fili mai faɗi, kuma ragin ninki-ba-ninki ne: 2x kowane fiksel yana samun kashi ɗaya cikin 4, 3x ɗaya cikin 9, shi kuwa 5x ɗaya cikin 25, kaga dole ka ƙara gen, wato saitin da kyamara ke ƙara wa hoto haske da shi, ko ka tsawaita lokacin ɗauka, gen ya kawo maka tsaki-tsaki, dogon lokaci kuma ya bar iska ta jirkita hoton. Sannan faɗin madubi shi ke yanke iyakar abinda zaka iya rarrabewa. Milimita 130 tana tsayawa ne wajen sakan 0.9, wato daga wannan gefe na Jupita zuwa wancan ƙananan abubuwa kamar 50 kaɗai zata iya bambantawa, in ka ba kowanne fiksel 3 ya isa haka. Abinda ya wuce nan kamar ka buɗe hoton WhatsApp da yatsu biyu ne, fuska ta cika waya amma baka ga sabon abu ba.

Masu wannan harka suna da lissafi mai sauƙi, ka ninka girman fiksel sau 5, 2.9 ya baka kusan 15, wato f/15 kake nema (lambar f ita ce tsawon fokas in ka raba shi da faɗin madubi). Teleskop ɗinka f/5 ne, kenan 3x ne daidai kai, fiksel 147. Kafin ma ka kashe sidi ɗinka gwada wannan: ka sa ɗan bututun ƙari tsakanin 2x ɗinka da kyamara, don Barlow na gama-gari duk sanda kyamara ta ƙara nisa da shi ƙarfinsa ƙaruwa yake, zaka iya kusantar 3x a haka.

Kuma kar ka ɗau hoto ɗaya, bidiyo zaka ɗauka da manhajar SharpCap ko FireCapture, manhajar AutoStakkert ta tace hotuna masu kyau daga cikin bidiyon ta haɗe su, ta RegiStax kuma ta fito da ratsin. Kar bidiyon ya wuce minti 2 zuwa 3, Jupita na zagaye kansa cikin ƙasa da awa 10, in ka daɗe abubuwan jikinsa sun gusa.

Abinda nake so ka riƙe da kyau shine mu nan Allah ya bamu wuri. Kumasi bata kai digiri 7 arewa da ikwaita ba, Jupita yakan hau kusan tsakar ka, inda ƙanenka a Jamus wasu shekarun sai dai ya hange shi ƙasa-ƙasa ta cikin iska mai kauri. Fitilun gari ma basa damun Jupita, yana da haske. Abinda zai cuce ka a zango rufin kwano ne, ya sha rana yini guda, da magariba yana sakin zafi, in ka saita ta samansa zaka ga Jupita na rawa a sikirin ba tsayawa. Ka fitar da teleskop waje kamar minti 30 ya huce, ka bari sai dare ya yi nisa kwano ya yi sanyi kuma Jupita ya hau sama. Lokacin hazon hunturu hasken zai ragu, ranar da ƙura ta yi yawa ka tsaya a 2x ɗinka.

In ka gwada ka turo mana hoton mu sa a fitowa ta gaba insha Allahu.