Zambar dubu da ɗaya: cika ce ko mara?

Wata ɗaliba ta aiko min da tambaya, ta ce Malam don Allah zambar da dubu abu ɗaya ne? Kuma lambar 1,000,001 ya za a kira ta da Hausa, cika ce ko mara?

Toh 'yata, zambar ma dubu ce, amma ba kasafai take tsayawa ita kaɗai ba, sai an jingina mata wani adadi, a ce zambar goma wato 10,000, zambar ɗari 100,000, zambar dubu kuwa ita ce wannan miliyan da muka aro daga Turanci har muka kusa manta tamu. Alif kuma daga Larabci ta zo, yanzu kusan a faɗin shekara kawai ake jin ta. Kin ga kenan lambarki sunanta zambar dubu da ɗaya, kuma ni dai wannan sunan ya fi min daɗi a baki.

Cika ita ce wadda in kika ware ta biyu-biyu babu abin da zai saura, mara kuma dole guda ɗaya ya rage ba abokin tafiya. Ba sai kin ƙirga ba, ki duba lambar ƙarshe kawai, in 0, 2, 4, 6 ko 8 ce cika ce komai tsawonta. Taki ta ƙare da 1, don haka mara ce. Amma kar ki haɗa da cikar da ke cikin "dubunsa ta cika", can ana nufin wa'adi ya kai, daga karin maganar nan rana dubu ta ɓarawo rana ɗaya ta mai kaya. In ma kika lura ranar mai kayan ita ce ta 1001, mara ce ita ma, kuma 7 sau 11 sau 13 ne ke ba da ita daidai.

Inda ɗalibai ke yawan tuntuɓe shi ne zaton duk mara ba ta rabuwa. A'a. Akwai wani rukuni na daban, lambobin da ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu, irin su 7 da 13 da 101, ni gagara-rabo nake ce musu, kuma 2 ce kaɗai cika a cikinsu. Su kam lambar ƙarshe ba ta isa ta tabbatar da su, sai an zauna an yi ta gwaji. Taki in kika gwada 3, 5, 7 duk za ta ƙi har ki fara murna, sai kin kai 101 tukuna ta sallama, domin 101 sau 9,901 shi ne 1,000,001 cif-cif. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid masanin lissafi na Girkawa ya tabbatar gagara-rabo ba su da iyaka, malala gashin tunkiya ne na gaske. In kina son ta farko bayan zambar dubu ki ƙara biyu a kan taki, 1,000,003.