Kuɗina sun maƙale a walat, har da na mutane: ina mafita?

Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina sayo yadi daga Sin. Shekara biyu ke nan ina ajiye kuɗin oda a USDT, kirifton nan da darajarsa ke bin ta dalar Amurka, cikin manhajar wani kamfanin canjin kirifto na ƙasar waje, saboda yadda naira ke zubewa. Yanzu akwai wajen dala 9,000 a ciki. Dala 5,000 nawa ne, sauran na yayana ne da na maƙwabcin shagona, sun ba ni in riƙe musu sai lokacin oda. Yau mako uku ke nan kamfanin ya hana ni cire kuɗi, wai ana bincike a kan asusuna. Ina ganin kuɗin a waya, amma ba halin taɓawa. Wani a Telegram ya ce zai fito mini da su in na biya shi dala 500 na kuma ba shi lambobin shiga. Shin doka ta kare wannan ajiya kamar ta banki? Zan iya kai ƙara? In kuma kuɗin suka salwanta, dole ne in biya yayana da maƙwabcina?

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya warware maka.

Mutumin Telegram ɗin nan, kada ka ba shi ko sisi, kada kuma ka ba shi lambar komai. Babu wani ɗan waje da ke da ikon buɗe asusun da kamfani ya rufe da kansa. Masu wannan sana'a suna bin sawun duk wanda ya koka a intanet cewa kuɗinsa sun maƙale, su karɓi kuɗin aiki, gobe su ce saura kuɗin haraji, jibi su ɓace. In ka ba shi lambobin shiga, ranar da kamfanin ya saki asusun shi zai riga ka kwashewa, kuma a lokacin kamfanin zai ce kai ka miƙa makullinka da hannunka.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne matsayin wannan lamba da kake gani a fuskar waya. Walat iri biyu ce. Akwai wadda kai ke riƙe da mabuɗin sirrinta, wato kalmomin nan 12 ko 24 da ake ba mutum ranar da ya buɗe ta, irin su Trust Wallet da MetaMask. Akwai kuma irin taka, asusu a wurin kamfanin canji, inda mabuɗin yake hannun kamfani, kai kuma sunan shiga da lambar sirri kawai ka mallaka. Ta farko kamar akwatin ƙarfe ce a ɗakinka. Ta biyu kuwa kamar ka bar kuɗi ne wurin ɗan canji a Wapa ya rubuta sunanka a littafinsa. Muddin yana nan lafiya yana biya, ba za ka ga bambanci ba. Ranar da ya rufe shago ne za ka gane abin da ke hannunka shafin littafi ne kawai.

Daga nan tambayar shari'a ke tasowa: abin da ka bar masa ajiya ce ko bashi? In ajiya ce, kayanka ne, a ware maka su ko da kamfanin ya karye. In bashi ne, kayan sun zama nasa, kai kuma ka shiga layin masu bin bashi marasa jingina, waɗanda sai an sallami na gabansu a raba musu abin da ya rage. Amsar tana cikin doguwar takardar sharuɗɗan nan da kusan kowa ke danna "na yarda" bai karanta ba. An gwada wannan a kotu a Amurka. Kamfanin kirifto na Celsius ya durƙushe a Yulin 2022, a Janairun 2023 kuma alƙali Martin Glenn na kotun karyewar kamfanoni a New York ya yanke cewa kirifton da ke cikin asusun da ake biyan riba a kansa, na kimanin dala biliyan 4.2, mallakar kamfanin ne, domin sharuɗɗan da masu asusun suka amince da su haka suka ce. Mutane sun ɗauka ajiya suka yi, ashe rance suka bayar. Don haka ka duba da kyau: kuɗinka suna zaune ne a asusun ajiya zalla, ko ka taɓa tura su sashen da ake ba ka 'yar riba duk wata? Wannan dannawa guda tana iya sauya matsayinka gaba ɗaya.

Ko an yi sa'a an biya, lokaci da farashi sukan ci rabonsu. Kamfanin canjin kirifto na Mt. Gox da ke birnin Tokyo ya rushe a 2014 bayan ɓacewar bitcoin wajen 850,000, kuma sai a 2024 aka fara maida wa mutane wani kaso na bitcoin ɗinsu. Shekara 10 cur. Wani kamfanin canjin, FTX, ya faɗi a Nuwamban 2022, aka ɗaure mai shi Sam Bankman-Fried shekara 25, amma an lissafa haƙƙin masu ajiya da farashin ranar karyewar, lokacin da bitcoin ɗaya bai kai dala 17,000 ba. Ba ina cewa kamfaninka ya karye ba ne, ina nuna maka inda ƙafarka take tsaye.

Batun kariya irin ta banki kuwa, babu ita. Hukumar NDIC tana lamunce wa mai ajiya a bankin kasuwanci har naira miliyan 5 in bankin ya rushe, bayan ƙarin da aka yi a 2024, amma wannan inshora ba ta shafi kirifto ba. Riƙe kirifto dai ba laifi ba ne a Najeriya. Umarnin Babban Banki na Fabrairun 2021 bankuna ya hana mu'amala da harkar, kuma an janye shi a Disamban 2023. Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari ta 2025 ta sa kadarorin dijital a ƙarƙashin kulawar SEC, hukumar kula da kasuwar hannayen jari, wadda tun a Agustan 2024 ta ba kamfanonin canjin kirifto na Busha da Quidax amincewar farko. Amfanin rajista shi ne kana da ƙofar da za ka buga: ka kai kuka ga SEC, in ba a gamsu ba a tafi kotun musamman ta harkokin zuba jari. Rajista ba ta nufin gwamnati za ta biya ka in an yi asara. Kamfanin da ba shi da rajista a nan, ba shi da ofis, ba shi da kadara, hannun hukuma ba ya kai masa da sauƙi.

To me za ka yi yanzu? Rufe asusun mutum ɗaya, alhali sauran mutane na cire kuɗinsu, galibi yana da ɗaya daga cikin dalilai uku: takardun tantancewa ba su cika ba, ko wani kuɗi da ka saya ta P2P, wato cinikin mutum da mutum, an gano asalinsa na sata ne ko damfara, ko kuma wata hukumar tsaro ta nemi a riƙe asusun. Na biyun ya fi addabar 'yan kasuwa irinka, domin kana sayen USDT daga wanda ba ka taɓa gani ba, ba ka san hannu nawa kuɗin suka ratsa ba. Ka tambayi mutane biyu ko uku masu amfani da wannan manhaja ko suna iya cirewa. In kowa ya maƙale, magana ta canja, matsalar kamfani ce.

Tun yau ka tattara hujja. Ka sauke tarihin cinikinka gaba ɗaya, ka ɗauki hoton shafin da ke nuna adadin kuɗin da ranar, ka kwafi lambar shaidar kowace turawa, ka adana rasiɗan banki na nairar da ka biya da takardun odar yadi. Ka ajiye kwafin sharuɗɗan kamfanin kamar yadda suke yau, domin sukan sauya su. Wayar ma kada ka sayar da ita ko ka goge ta. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar a bayyana na'urar da ta fitar da hujjar kwamfuta, a haɗa da takardar tabbatarwa, kuma akan yi watsi da hujja mai kyau saboda wannan ƙaramin abu.

Sai ka rubuta musu ta hanyar ƙorafin da ke cikin manhajar, ba ta wata lamba da aka turo maka ba. Ka nemi dalilin rufewar, da takardun da suke so, da wa'adin kammala binciken. Duk abin da suka tambaya game da asalin kuɗin, ka faɗi gaskiya, har da cewa wani kaso na mutane ne, ko da yake ka sani wasu kamfanoni sun hana riƙe kuɗin wani a asusunka, don haka lauya ya duba amsar kafin ka aika. In mako biyu suka wuce shiru, wasiƙar lauya zuwa sashen shari'arsu takan sa a ɗauki fayil da muhimmanci. In ta tabbata EFCC ko 'yan sanda ne suka sa a riƙe, ka je da lauya da takardunka, kada ka jira a neme ka.

Ƙara kuwa, ba na ba ka shawararta a matakin farko. Yawancin waɗannan kamfanoni sun rubuta cewa duk rigima za a kai ta gaban masu sasanci a wata ƙasa, bisa dokar can. Kuɗin shigar da irin wannan ƙara da na lauyan can suna iya lamushe dala 9,000 ɗin kafin a zauna zaman farko. Da sata aka yi maka, da na ce ka garzaya cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta 'yan sanda ko EFCC ƙarƙashin Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da aka gyara a 2024, domin kamfanin Tether mai fitar da USDT yana iya daskarar da kuɗi a adireshin ɓarawo in hukuma ta nema da wuri.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi, kuma ita ce za ta iya kai ka gaban alƙali a nan Kano. A fiƙihun Malikiyya, wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biya in kaya suka salwanta ba tare da sakacinsa ko ƙetare iyakarsa ba. Dokar ƙasa ma kusan nan ta dosa: mai riƙon kayan wani ana tambayarsa ko ya kula da su yadda mai hankali zai yi. Amma akwai ramuka biyu. Na farko, mai ajiya da ya miƙa ajiyar ga wani ba da izinin mai ita ba kuma ba da uzuri ba, lamuni ya hau kansa. Saka kuɗi a asusun kamfani miƙa su ga wani ne. Don haka alƙali zai tambaya: yayanka da maƙwabcinka sun san a wannan manhaja kuɗinsu za su zauna, sun kuma yarda? In naira suka ba ka suka ce ka saya musu USDT ka ajiye inda kake ajiye naka, kana da kariya mai ƙarfi. In cewa suka yi ka riƙe kawai, kai ka zaɓi wurin da kanka, maganar ta yi tsauri. Na biyu, in ka taɓa juya kuɗin nasu a cinikinka da niyyar mayarwa, sun zama bashi a wuyanka, bashi kuwa ana biyansa ko da me ya faru. Ka binciko saƙonnin WhatsApp da na murya da kuka yi lokacin karɓar kuɗin, a nan hukuncin yake kwance. Kuma ka lura, in ka ba ɗan Telegram lambobin aka kwashe, wannan sakaci ne ƙarara, za ka biya su duka.

In Allah ya sa aka saki asusun, kada ka sake barin jarinka duka a hannun kamfani ɗaya. Girman kamfani ba ya hana kutse: a Fabrairun 2025 an sace kirifto na kusan dala biliyan 1.5 daga kamfanin canji na Bybit, hukumar FBI ta ɗora alhakin a kan Koriya ta Arewa. Abin da za ka yi oda da shi a makon kawai ka bari a can, sauran ka mayar walat ɗin da mabuɗinta ke hannunka, in so samu ne irin na'urar nan da ba ta haɗe da intanet. Sai dai a can babu wanda za ka kai ƙara. Wanda ya ga kalmomin nan 12 ya mallaki kuɗin, in kuma suka ɓata, sun ɓata ke nan. Ka rubuta su a takarda, ban da hoto a waya, ka sanar da amintacce ɗaya inda takardar take, domin alƙalin rabon gado ba zai iya raba abin da magada suka kasa buɗewa ba. Kuɗin mutane kuma kowa ya buɗe tasa walat.

Kafin duk wannan, ka kira yayanka da maƙwabcinka yau, ka nuna musu wayar su ga halin da ake ciki da idonsu. Ku rubuta adadin kowa, da ranar da ya bayar, da inda aka amince a ajiye, ku sa hannu gaban shaidu biyu. Wannan takarda da kwafin sharuɗɗan kamfanin su za ka fara miƙa wa lauyan da zai rubuta maka wasiƙar.